Jan Bik

Kaye uku ta kawo mini, ɗaure da ƙyallen atamfa,
Barira, ɗiyar majemin nan na Birni,
shekara sha shida.
Ta ce, "Mushe, ka duba, kar ka ji tausayina."
Ta ajiye, ta ruga kamar ta bar tukunya a wuta.

Kuran ya ɗauke bayan isha'i.
Na kunna tocila, na cire wa jan bik hularsa.

Ashe gari ta gina ƙarƙashin duwatsun nan namu,
inda ake biyan haraji da ruwa,
sarauniyarsu ta ɗinke damina cikin salka
ta rataya a wuyan ƙadangare mai ido bakwai.
Ƙishirwar da ke ciki ta gaske ce.
Wanda bai kwana a layin famfo da bido ba
ba ya rubuta maƙogwaro haka.
Sau biyu na tashi na leƙa randa.
Ga wata tsohuwa mai alkaki a shafi na talatin,
baki kamar aska. Na rantse na san ta,
ta taɓa wanke ni a kasuwar Dole kan dala biyar.

Amma fa, Barira,
jarumarki ba ta tuntuɓe, ba ta mantuwa, ko atishawa ba ta yi.
Kyanta kuwa, sau sha tara kika faɗa mana, na ƙirga.
Mugun waziri ya ɗora mata wuƙa a wuya
ya tsaya bayani har shafi huɗu;
da ni ne, da na sha shayi na komo.
Raƙumin da kika kashe a kaye na farko
ga shi a na biyu yana tuƙa, lafiya lau.
Ƙanƙarar da ke zuba fara fat bisa tsauni
a tele kika gan ta, ba ta sanyaya ni ba.
Yaƙin shekara ɗari kuma
kin gama shi cikin layi shida a jikin bango
don takarda ta ƙare.

Na ja layi, na ja layi, har bik ya shaƙe.
Wajen asalatu na tuna akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona:
shafi tara nawa, babu kuskure ko ɗaya,
shekara talatin gara kaɗai ke karanta su.

Da hantsi ta zo tana murza bakin mayafi.
Na ce, "Ki bar yarinyar nan ta faɗi ko sau ɗaya, ta kuje gwiwa.
Ki rage wa waziri surutu.
Tsohuwar alkaki kuwa, kar ki taɓa ta.
Raƙumi, ki yanke masa: ko ya mutu ko ya rayu."
Na miƙa mata sabon kaye mai shafi ɗari biyu.

Ta juya shi, ta shinshina,
ta ce, "Mushe, raƙuman ai tagwaye ne.
Ba ka lura da tabon kunnen ba?"

Na mayar wa bik hularsa.