Teburin da Babu Komai a Kai

A Brno, hawa na huɗu, ƙarfe uku rana ta soma sallama,
ƙanƙara na narkewa a takalman baƙonmu.
Květoslav, mai gyaran agogo,
saba'in da ɗoriya, yatsu ba sa rawa.
Na ba shi shayi, na ja masa kujera, na ce:
ga kwamfuta, buɗe mana sabon fagen aiki.
Ba kai ake gwadawa ba, mu ne a kan sikeli.

Ya ɗauki linzami kamar mai ɗaukar ƙwai.
Ya bi gefen allo ya dawo,
ya hau sama ya sauko.
Ni kuwa biro a hannu, baki a ɗinke,
dokar gwajin ke nan: ka gani, ka haɗiye.
Minti huɗu.
A agogon hannunsa na ƙirga su.

Alamar tana can ƙuryar dama,
toka-toka a kan toka,
ba ta leƙowa sai ga wanda ya san gidanta.
Ni na zana ta.
Wata biyu ina rage mata haske
har ofis ya ce ta yi kyau.

Ctibor ya matso kunnena:
ai maɓalli uku ne, a danna tare, shi ke nan.
Na ce, wanda ya haƙa rijiya
ko da dare ba ya ɓatan hanyarta.

Dattijon ya saki linzami, ya goge tabarau.
Bohdana, in ji shi, tebur uku gare ni a shago.
Ɗaya na agogon bango, ɗaya na 'yan ƙanana,
na ukun ba komai a kai.
In an shigo da aiki ba na neman kafinta,
juyawa kawai nake.

Na koma gida a taragon lamba goma sha biyu,
goshina a jikin gilashi mai sanyi,
maganar tana bina tasha tasha.
Daren nan na goge alamata.
Ba ta yi ƙara ba. Ni ce na ɗan yi.

Muka sa fili a ƙarshen layi, kullum a buɗe,
ka ja taga ka ajiye, ya zama naka,
wani sabo ya tsiro a gefensa yana jira.
Ctibor ya yi mako yana gunaguni da lambobi,
kofi bakwai a rana, ranar Juma'a ya ce gwada.

Květoslav ya dawo da hular ulu ja.
Kafin in zauna ya gama.
Takardun haraji nan, hoton jikarsa can,
wasiƙar mai sayar da sifirin a na uku.
Na rubuta: daƙiƙa tara. Na ja layi biyu a ƙasa.

Sai ya rufe wasiƙar, fagen ya naɗe kansa ya ɓace.
Ya dube ni ta saman tabarau:
wa ya ɗauke min tebur?
Na ce babu komai a kai, shi ya sa,
ga wani can a ƙarshe.
Ya ce wancan naku ne.
Nawa a nan na bar shi, kusa da yarinyar.
Gobe da safe nan hannuna zai je.

Ctibor ya rufe fuska da tafin hannu.
A waje an kunna fitilun titi.
Na buɗe sabon shafi a littafina,
na daɗe ina kallonsa fari fat,
ban rubuta komai ba,
ban kuma rufe ba.