La'adar Iska

Ƙarfe uku na dare a Hanstholm.
Kofi ya huce, teku na gunaguni a bayan taga,
ni da kwamfuta muna zaman doya da manja.

Megawat arba'in na yi wa kamfani alkawari.
Farfeloli goma sha biyu suka kwana juyi,
suka miƙo talatin da bakwai.
Ukun fa? Ina suka shiga?

Na san karatuna.
Iska in ta ninka gudu
wuta ninki takwas take yi.
In ba ta kai mita uku a daƙiƙa ba
fukafukai ko gezau;
in ta haura ashirin da biyar
sai a tsayar da su, kar a yi asara.
Na sa nauyin iskar sanyi a lissafi,
na sa ƙorafin injin baya
wanda na gaba ke shanye wa romo,
ya bar masa guntun iska mai jiri.
Layin hasashe ya hau, ya kwanta lumui
kamar bayan kyanwa.
Amma uku babu su, babu dalilinsu.

Da safe na kai wa babana burodi.
Ejnar, shekara arba'in a jirgin kamun kifi,
yanzu gwiwa ta zaunar da shi.
Ya ji ni har ƙarshe, yana murza gemu.
"Solvej, yaushe rabonki da ki taɓa su?"
"Su wa?"
"Fukafukan. Da tafin hannu."
Ya nuna min sakatar ƙofarsa:
bara ya saye ta, gishiri ya riga ya cinye rabi.

Ranar Laraba Troels ya ɗaura min igiya,
muka hau inda tsuntsayen teku ke wucewa ƙarƙashin ƙafa.
Na cire safar hannu.
Bakin fiffiken da ke sumul a allona
kaushi gare shi kamar dutsen niƙa:
ruwan sama ya sassare shi,
gishiri ya lashe,
gawar ƙwari ta manne.

Na sauko na buɗe sabon gurbi a lissafi,
na raɗa masa suna tsufa.
Biyu suka dawo gida.

Ɗayan har yau ina cigiya.
Baba ya ce in bar wahalar da kaina,
ko teku ba ta taɓa ba shi cikakken awo ba.
"Wannan la'adar iska ce," in ji shi.
Ban yarda ba.
Amma na rubuta a gefen takarda, da fensir.