Daƙiƙa Huɗun Eufrosina

Talata ce, ruwa na tsuga a birnin Meziko.
Na riƙe hannun kakata Eufrosina
muka sauka matakala goma sha ɗaya
zuwa silimar da ke ƙarƙashin shagon mai gyaran agogo.
Shekararta casa'in da ɗaya,
amma ta shafa jan-baki, ta ce, "Yau zan fito."

Anacleto mai yagar tikiti bai karɓi kuɗinta ba,
bai taɓa karɓa ba.
Ya ɗaga hula ya nuna layi na shida,
kujerar nan mai ɗingishi.

Mu goma sha uku ne a zauren mutum ɗari uku.
Warin tsohon karammiski, da lemon da wani ke ɓarewa.
Fitilu suka mutu ɗaya bayan ɗaya,
majigi ya yi gyaran murya
kamar dattijon da zai ba da labari,
haske ya bi ta saman kawunanmu ya faɗa kan farin ƙyalle.

Baƙi da fari ake ce masa.
Ni kuwa toka-toka iri bakwai na ƙirga
a kuncin jaruma kaɗai:
na gawayi, na azurfa, na hayaƙin taba,
na ƙirjin kurciya, sauran ban san sunansu ba.

Mutanen nan ba sa gaggawa.
Jarumi zai cire hula, ya ajiye, ya leƙa taga,
kyamara ta tsaya tana jiransa da ladabi.
Ƙofa ta rufe, ba a nuna maka bayanta,
an yarda kana da hankali.
Inuwar ƙarfen taga ta kwanta masa a fuska,
ka san kurkuku na jiransa
tun alƙali bai zauna ba.

Zaren fim ɗin ya sha jiki,
duk zane, duk tartsatsi,
sai ka ce ruwan waje ne ya biyo mu ciki.

Minti arba'in da biyu.
Kakata ta matse mini yatsu har suka yi ƙara.

Kasuwa. Masoya biyu na sallama a gaba,
matar da ke bayanmu har ta fara jan majina.
Can gefe, inda ba mai dubawa,
wata yarinya da kwandon lemon tsami
ta ratsa daga hagu zuwa dama.
Ɗaya, biyu,
ta waiga,
uku, huɗu. Shi ke nan.

An ce mata kada ta waiga.
Darakta ya daka tsawa, ya buga hula da ƙasa,
amma rana na faɗuwa, zare kuma da tsada,
aka bar shi haka.
Feso biyar da abincin rana aka ba ta,
ta sayi takalmin da ya matse ta shekara guda.

Sai bara ta gaya mini wa ta waiga ta kalla.
Mahaifiyarta ce, tsaye bayan kyamara,
riƙe da mayafin 'yarta kada ya taɓa ƙasa.
Ba mu da hoton matar nan ko ɗaya.
Abin da ya rage mana ke nan:
fuskar 'yar shekara sha bakwai tana dubanta.

Ba mu tashi ba sai da aka gama.
Kakata ta ce rashin kunya ne
ka fita matattu na tsakiyar magana.
Aka jero sunaye, babu nata.
Ta tafa wa kowa.

A waje ruwa ya ɗauke,
launukan titi na ta ihu a idona.
Ta tsaya gun mai kunun masara, tana hura kofi, ta ce,
"Ka ga yadda ya riƙe hular nan?
Yanzu ba wanda ya iya riƙe hula."