Masinjan Hukumar Bakin Kubanni

Ni na fara share ofishin.
Ɗaki biyu ne a bayan Kongo,
da tulun ruwa, da kalandar bara,
da tafireta wadda harafin "r" ya mutu a bakinta.
Aka kafa allo: Hukumar Raya Bakin Kubanni.
Fenti bai bushe ba akuya ta sosa haƙarƙarinta a jiki.

Injiniya Ramalan ya zo da gari cikin gilashi,
gari na kwali da tsinken ashana,
rafinsa shuɗi kamar an tsamo shi a karofi.
Na ce, ranka ya daɗe, namu ja ne da damina,
da rani ko gwiwar yaro ba ya kaiwa.
Ya ce, kai dai goge gilashin.

Muka sauka awo, ni ke jan bakin igiya.
Daga gindin gada har inda masu yashi ke labta wa jakai
muka kafa turaku masu jan kai.
Ran Laraba da muka koma
Jumare mai wanki ya ɗaura shanya a na sha bakwai,
manyan riguna sun sha iska sun kumbura kamar ana taro.
Ya ce Allah ya saka wa gwamnati.

Sai diyya.
An ƙirga mangwaro, an ƙirga kwamin latas da kabeji,
inuwa ce ba a sama mata layi a takarda ba.
Larai mai alale, tafireta ta cinye mata harafi,
shekara shida tana zuwa da shaidar cewa ita ce ita.
Da kuɗin suka fito, ɗanta ya dangwala hannu.
Da su aka yi mata sadakar arba'in.

Katangar farko, ruwan Agusta ya kwashe ta dare ɗaya.
Masunta suka ce sun ga bulonmu a Galma.
Aka kafa kwamiti, kwamiti ya haifi kwamiti.
Sau uku aka sauya mana suna,
sau uku na taka Sabon Gari yanko sabon hatimi.
Shugaba tara na yi wa shayi,
hotuna tara, ƙusa ɗaya a bango.
Rahotonmu kuwa, gara kaɗai ta bi shi
daga bangon farko har na ƙarshe.

Ta goma ba ta nemi shayi ba.
Injiniya Rakiya Sambo, da takalmin roba a bayan mota.
Ta sa na kai ta wurin Jumare,
lokacin hannunsa ya daina iya bugu.
Ta ce, Baba, ruwa ina yake tsayawa in ya fusata?
Ya dafa ni, muka je gindin tsamiya,
ya ɗora yatsa a kan wani tsohon tabo.
Shekara ashirin da huɗu, in ji shi, ba wanda ya tambaya.

Daga tabon aka ja baya taku talatin.
Aka shimfiɗa dutse, aka bar wa masu wanki matakala,
aka dasa fitilu masu cin rana.
Ba ta kai ta gilashi tsawo ba, ko rabi.
Ran buɗewa na riƙe faranti, almakashi a kai,
wani ya yi jawabi bai ambaci kowa ba.

Yanzu da la'asar ina zama a benci na uku.
Fitila biyu sun mutu, na kai takarda ko da na yi ritaya.
Ɗalibai na cin gyaɗa suna zubar da ɓawo,
jikan Larai na sayar da katin waya a bakin matakala.
Garin kwalin yana gidana kan kabad,
jikokina sun cire masa itatuwa.

Kubanni na wucewa ja kamar kullum,
da leda, da kara, da takalmi wari guda.