Ƙofar Baya Ta Hagu

Shekara talatin da ɗaya ina rataya ƙofa,
ƙofar baya ta hagu, ita kaɗai.
Ban taɓa ƙera mota ba, kada a yi mini ƙarya a bakin kabari.
Ƙofa na sani, da noti huɗu,
da ƙarar da take yi in ta zauna daidai:
tib, kamar an rufe bakin tulu.

Daga Kalabriya na zo Torino a jirgin ƙasan dare,
da akwatin kwali ɗaure da igiya,
cuku a aljihu, da adireshin ɗan kawuna Saverio.
Masu gidan haya suka ji harshena, suka ce ɗaki ya ƙare.
Masana'anta ba ta tambayi harshe ba.
Tafin hannu ta duba, ta ce gobe ƙarfe shida.

Ƙarfe shida! Da ka ga titi a wancan zamani.
Keke na gogar keke, mutum kamar tururuwa,
numfashi na tashi fari fat cikin sanyi.
Jiniya ta yi kuka, ƙofa ta haɗiye mu dubu-dubu,
ta amayo waɗanda suka kwana ciki.
Gavino na damana, mutumin Sardiniya.
Injin matse ƙarfe ya ci masa yatsu biyu,
ya ce saura takwas, sun isa riƙe kofin gahawa.

Ba rana ɗaya abin ya mutu ba.
Da ya faɗi tim, da mun yi masa makoki mun huta.
Ramewa ya yi, a hankali, irin ta ciwon ajali.
Aka ce a zauna gida mako biyu, ana gyara.
Mako biyu ya haifi wata uku.
Aka kashe aikin dare.
Aka kwance layi guda, aka kai inda gumi ya fi araha.
Mun fita da jajayen tutoci har murya ta dushe.
Manya suka zo cikin kwat, suka ce gaba ta fi baya kyau,
suka daga mana hannu ta bayan gilashi.

Yanzu ciyawa ta tsaga kwaltar filin ajiye motoci.
Mai gahawan bakin ƙofa ta uku ya sayar da kujerunsa,
shagon ya koma wurin sayen tsohon gwal,
can zoben auren maƙwabta ke zuwa ɗaya bayan ɗaya.
Nunziata ta ninke shuɗiyar rigar aikina a ƙasan durowa.
Ita ta tafi, rigar na nan, da warin giris ɗinta.
Gavino ya koma tsibirinsu cikin akwati.

Jikana Ettore ya karanci injiniya,
ya shekara biyu yana kai wa mutane abinci a keke,
sannan Jamus ta kira shi.
Ranar Ista ya zo da sabuwar mota,
ba tari, ba hayaƙi, tana sanɗa kamar kyanwa,
an ƙera ta a garin da bakina ya kasa faɗin sunansa.
Ya ce, Kaka, shiga mu zaga.

Na ce tsaya.
Na zagaya baya, ta hagu.
Na buɗe, na shafa robar baki, na auna tsaga da farce,
ina neman aibi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na saki.

Tib.

Na sake buɗewa, na sake saki.
Na so ta yi kwaram, ko sau ɗaya.
Ba ta yi ba.
Wani can bayan teku ya tashi tun duhu, ya iya aikin.
Ko yana da Gavino a damansa?
Ko an fara ce masa ya zauna gida mako biyu?

Ettore ya ce, Yaya ka gani, Kaka?
Na ce kujerar ta yi tauri.

Muka bi gefen katangar, doguwa, ba ta ƙarewa.
Ya rage gudu saboda ni.
Na ce taka, yaro,
na bar miya a kan wuta, za ta kama.