Bakin Zaren

A Farin Gada, kan kuɗin kwandon tumatir,
Sabitu ya ce mini sai gobe.
Ban san wata amsa ba sai wadda ke ƙuguna.
Shekara huɗu, hannunsa bai miƙe ba.

Yau a ɗakin ɗinki na gidan yarin Jos
Baba Gyang ya miƙo mini zare a cukurkuɗe,
ya jefa almakashi aljihu.
"Nemo bakinsa," ya tafi shan shayi.

Na ja, ƙullin ya tsuke.
Na yi ashar. Na zauna.
Wajen la'asar na sassauta,
sai ga shi yana bin yatsana.

Da dare na ƙirga hanyoyi biyar da ban bi ba.
Ta farko: in jira goben.