Asabar a Garwa

Bayan la'asar muke haɗuwa, mu tara ne,
a shagon Hamajoda mai gyaran rediyo.
Kowa ya jefa sefa ɗari biyar a gwangwanin madara:
kuɗin batir, kuɗin mota zuwa Pitowa,
inda wata tsohuwa ke riƙe da abin da takarda ta manta.

Ni sawun Bappa Sali nake bi,
wanda ya tuƙa kwalekwale a Binuwai tun babu gada.
Kaset shida na cika da muryarsa.
A na bakwai ya yi tari, ya ce sai gobe.
Goben ta zo ita kaɗai.

'Yarsa ta ce in cire daminar da ruwa ya ci masa fasinja biyu.
Na kai maganar gaban ƙungiya.
Astajam, mai tarihin ungozomomi, ta ajiye shayinta:
"Wanda ka wanke har ya yi fari fat,
jikokinsa ma ba za su gane shi ba."

Shafin na aljihuna har yau, a ninke.
Sau goma sha ɗaya na ƙetare gada da shi,
ina leƙen ruwan.